Tankin Kifin da Na Fasa da Hannuna

Ko da zan manta da duk abin da ya same ni tun da na buɗe gidan abincina a Mubi, ba zan manta da maganar tankin kifi ba. Shekaru sun wuce, amma in na tuna sai in ji kamar in nutse a ƙasa.

A wani otal na Yola na fara ganinsa, akwatin gilashi cike da ruwa, jajayen kifaye suna kai da komo a ciki. Na dawo gida da ƙudurin sai na sa irinsa a ƙofar shagona. Na zagaya masu aluminiyam da masu yankan gilashin taga, kowa ya ce ba aikinsa ba ne. Wani ya ce zai sa a kawo mini daga Kano, amma in ya fashe a hanya ba ruwansa. Na kusa haƙura, sai matar da ke kawo mini kayan miya daga Digil ta ce akwai wani dattijo mutumin Michika a bayan kasuwa, ya yi shekaru a kudu yana wannan aikin.

Na same shi a wata 'yar rumfa, tsakanin mai walda da mai facin taya. Ya zo ya auna wurin, ya yanka gilashi mai kauri, ya haɗa tankin a ƙasa cikin ɗakin ajiyata ranar Litinin, ya bi kusurwoyin da gam. Hausarsa irin ta dattawanmu ce na nan, mace da namiji duk "ka" ne.

"Madam, ka ji ni da kyau," in ji shi. "Kwana bakwai kada ruwa ya taɓa shi, kada kowa ya ɗaga shi. Zan kawo teburin ƙarfe in saita da kaina. In ƙasansa ya karkace ko kaɗan, nauyin ruwa zai buɗe shi."

Na ce, "To Baba, na ji."

Na ji ɗin kuwa. Sai dai ranar Alhamis matan ƙungiyarmu za su yi taro a shagona, kuma na riga na cika musu baki cewa za su ga abin da babu irinsa a gari. Kifayen ma wani direba ya kawo su daga Yola, suna cikin baho. Ranar Laraba na taɓa gam ɗin na ji ya bushe, na ce tsohon nan tsoro ne ya yi masa yawa. Na sa ma'aikatana suka ɗora tankin a kan wani teburin katako. Ƙafa ɗaya tana rawa, na naɗe kwali na cusa a ƙarƙashinta da hannuna. Muka cika shi da ruwa, muka zuba kifi.

Taro ya yi kyau. Mata suka yi ta ɗaukar hoto, ni kuma kai ya kumbura. Washegari da safe na buɗe shago na taka cikin ruwa. Kusurwa ɗaya ta buɗe daga sama har ƙasa, kifayen duk sun mutu, buhun shinkafa biyu sun jiƙe.

A nan ne na yi abin da ya fi fashewar muni. Na san sarai laifin wa ne, amma ban iya tsayawa gaban ma'aikatana in ce nawa ne ba. Na hau keke sai bayan kasuwa. Na tarar da dattijon yana magana da wani mutum da ya kawo masa aikin tagogin sabon gida. Ko gaisuwa ban yi ba. Na ce masa macuci, na ce bai iya komai ba sai yaudarar mutane, na ɗaga murya har masu wucewa suka tsaya. Mai tagogin ya naɗe takardar awonsa ya sa a aljihu, ya ce zai dawo. Har yau ina ganin bayansa yana tafiya.

Dattijon bai rama ba. Ya ɗauki jakar kayan aikinsa ya ce, "Mu je in gani."

Da muka isa ya durƙusa ya daɗe yana duban kusurwar. Ya danna gam ɗin da babban yatsa, cikinsa ya fito ɗanye. Ya dubi teburin, ya sunkuya ya zaro kwalin nan, ya jujjuya shi a hannunsa. Ma'aikatana uku suna tsaye, su ne suka ɗaga tankin, kowa ya sunkuyar da kai. Na jira ya tona ni. Sai ya ajiye kwalin a gefe a hankali, ya ce, "Gilashin bai fashe ba, Madam. Zai gyaru." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Ya kankare gam ɗin, ya sake haɗawa, bayan kwana bakwai ya kawo teburin ƙarfe ya saita. Ni kuwa sai da na yi mako uku ina fama da kaina kafin na koma rumfarsa. Na matsa kusa da shi, na yi ƙasa da murya na ce, "Baba, ka yafe mini. Ni na zuba ruwa kafin lokaci."

Mai walda da ke gefe ya kashe injinsa ya ce, "Madam, ran da kika zo zagi har bakin titi an ji ki. Yau kuma mura kike yi?"

Gaskiya ya faɗa. Na juya na fuskanci mutanen layin, na faɗi duk abin da na yi da ƙarfi, har maganar kwalin. Ban tsaya ba sai da na kai ƙarshe. Dattijon ya yi murmushi ya ce, "Ya wuce, 'yata. Tun ranar na sani." Na tambayi labarin mai tagogin, aka ce ya kai aikinsa wani wuri. Wannan kam ban iya mayar masa ba.

Abin da na koya shi ne, kuskure ba ya zubar da mutunci kamar ɗora shi a kan wanda bai ji ba bai gani ba. Kuma in ka ci mutuncin mutum a bainar jama'a, to a bainar jama'a ake ba shi haƙuri, kuma ko an yafe maka, akwai ɓarnar da haƙuri ba ya gyarawa.