Sunan da Sarkin Waya Bai Faɗa Ba

A shekarun da soja suka koma bariki, farar hula suka karɓi mulki, wayar salula ta shigo Katsina kamar amarya: kowa na son ganinta, amma ba kowa ke iya ciyar da ita ba. Mu kuwa Katsinawa ba mu iya magana ba gaisuwa. Kafin ka gama tambayar kwana da gajiya da iyali da mutanen gida, kati ya ƙare, abin da ya sa ka buga wayar yana nan a bakinka ba ka faɗa ba.

Wannan matsala ce ta kai ni kamfanin wani Alhaji mai sayar da taki da injinan ban ruwa. Babban ofishinsa na wajen Ƙofar Sauri, sito a Ƙofar Guga, kanti kuma a Ƙofar Marusa. Ni lokacin na haura talatin, na ajiye aikin gwamnati ina gyaran kwamfuta, ga ɗan banzan ji da kai. Na ce masa akwai manhajar da ke ɗaukar murya ta bi da ita ta hanyar intanet, mutanensa su yi ta gaisawa tsakanin rassa uku har muryarsu ta dushe. Ya tambaye ni wa ke da ita. Na ce ba ta kowa ba ce, masana daga ƙasashe daban-daban suka haɗa ta suka bari a buɗe, kowa ya ɗiba, wanda ya ga ɓaraka ya gyara.

"Kamar rijiyar unguwa ke nan," in ji shi. "To, Allah shi saka musu da alheri. Tahi ka ɗebo muna."

Kwana uku na yi ina zarya shagon intanet kafin ta gama saukowa, don duk lokacin da ta kusa, sai a ɗauke wuta. Muka kafa dogayen ƙarafa a kan rufin rassan suna kallon juna, muka ja layi ɗaya har gidan Alhaji. Wata tsohuwar kwamfuta da aka jefar a bayan kabad ita ta zama uwar aikin. Har yau in na tuna ƙarar fankarta sai in ji kewa, don ban ƙara yin aikin da na so kamar wannan ba.

A ofishin akwai wani dattijo da ake wa laƙabi da Sarkin Waya. Tun zamanin wayar tangaraho shi ke zaune gaban akwatin waya, ya ɗauka, ya gaisa, ya haɗa mai kira da wanda yake nema. A gidan marigayi Malam, mahaifin Alhaji, ya tashi. Malam ne ya riƙe shi tun yana maraya, ya yi masa aure, ya ba shi wannan kujera. Duk ranar Juma'a kuma Hajiya, matar marigayin, takan aiko masa da kwanon tuwo, bayan an sauko masallaci ya je zaure ya durƙusa ya gaishe ta ta bayan labule. Shekara da shekaru haka ake yi. In kana son ganin fara'ar dattijon nan, zo ka same shi lokacin da yake buɗe murfin kwanon.

Na zaci zai ƙi ni, tunda injina zai rage masa aiki. Ko kaɗan. Shi ya zauna da ni muka haɗa kundin sunaye, wato jerin ma'aikata da lambar kowa, wanda duk wayoyin za su riƙa dubawa. Ni ina da takardun ɗaukar aiki, shi yana da mutanen a ka. Ya san wanda ba a kira lokacin azahar, ya san direbobi biyun da ba sa ga maciji. Da na tashi jera sunaye bisa haruffa, sai ya riƙe mini hannu.

"Malam injiniya, haka za ka sa mai gadi bisa kan akawu? Ai babba babba ne, ko cikin na'ura."

Na bi tasa, muka jera bisa girma. Saura abu ɗaya: muryar da za ta tarbi mai kira, ta karanto masa sunaye ya zaɓa. Alhaji ya ce ba wata muryar da abokan cinikinsa suka sani sai ta Sarkin Waya. Na kafa masa makirufo, ya gyara hula kamar za a ɗauke shi hoto. Sallamarsa kaɗai ta kusa minti ɗaya, sai da na roƙe shi ya rage. Ya ce don magana da Alhaji a danna ɗaya. Da ya zo kan na biyu, manaja, babban ɗan Alhaji, sai ya ce, "Don magana da Mai Sunan Malam, a danna biyu."

Na tsayar da naɗin muryar. Na ce baƙo daga Legas ko Maraɗi ina zai san wani Mai Sunan Malam? Ya faɗi sunan kamar yadda yake a takarda.

Ya dube ni kamar na ce ya cire wando a kasuwa. "Sunan Malam ne aka maida mishi. Bakina bai taɓa hwaɗin sunan ga ba, ba kuwa yau za shi hwara ba."

Ba wai ban san al'adar ba. A gidanmu ma uwata ba ta taɓa kiran sunan yayana ba. Amma lokacin kaina ya cika da tsari, ina ganin kundi kundi ne, abin da ke rubuce shi za a ji. Zuciya ta ɗebe ni, na bar shi ya gama. Da ya fita alwala, na jawo makirufo, na kauraro murya irin tasa, na faɗi sunan tsirara, ba Malam ba Alhaji, na yanke nasa na liƙa nawa a gurbin. A cikin hayaniyar layin waya ba mai iya bambancewa. Har murmushi na yi, wai ni gwani.

Ranar buɗewa aka ce Hajiya ce za ta fara kira daga gida don albarka. An koya mata: ta ɗaga, ta danna sifili, ta saurara, ta zaɓi wanda take so. Muka taru a ofishin Alhaji, na buɗe lasifika kowa ya ji abin da take ji. Sallama ta wuce, ɗaya ta wuce, sai ga sunan ya faɗo tsakiyar ɗaki. Muka ji ƙarar ajiye waya. Ba wanda ya dubi wani. Alhaji ya sunkuyar da kai yana jan carbi, Sarkin Waya na tsaye bakin ƙofa, ya ɗago ido ya dube ni sau ɗaya, ya mayar ƙasa.

Alhaji ya ce a cire, na ce to. Amma ban cire nan take ba, don sai an sake naɗi, ni kuma kunya ta hana ni tunkarar dattijon. Juma'a ta zo, kwano bai zo ba. Ya je zaure gaisuwa, aka ce masa Hajiya ta kwanta. Magana ta zaga rassa uku ta cikin wayoyin da na kafa, kyauta kuwa: wai tsoho ya ga na'ura ya manta hannun da ya ciyar da shi. Bai ce uffan ba. Ni ma ban ce ba, kuma nawa shirun na tsoro ne, ba sai na yi masa kwalliya ba. Ina tsoron Alhaji ya kore ni, garin kuma ya ji.

Manhajar tana rubuta duk kiran da aka yi, daga wane layi, da tsawon lokacinsa. Wata safiya ina duba wannan jeri sai na ga abin da ya ɗaure mini kai. Layin gida yana kiran sifili kullum, wajen hantsi, lokacin da maza sun fita. Ba a danna kowace lamba. Ana saurare daidai zuwa inda sunan yake, sai a ajiye. Wata rana sau biyu.

Na ɗauka tsohuwa fushi take ƙara hurawa. Abin ya ishe ni, na sami Sarkin Waya a gindin dalbejiyar ƙofar ofis bayan azahar, na durƙusa na ce ni ne.

"Na sani," in ji shi. "Mutum shina kasa gane muryarshi?"

"Baba, me ya hana ka faɗa?"

"In hwaɗi, a kore ka da jaririya a gida? Ni an san ni, kai ba a san ka ba. Wanda aka sani shi ka ɗaukar kaya."

Na ce yau ɗin nan zan je wurin Alhaji, in je zauren Hajiya in wanke shi. Don ya ga yadda abin ya yi tsanani, na ba shi labarin kiran da ake yi kullum da hantsi. Ya sa na maimaita. Ya tambaya ko ana danna biyu, na ce a'a. Ya daɗe yana kallon titi, har wani mai kura ya wuce da buhunan taki, sannan na ga ya sa bakin rawani ya share ido.

"Yaro, ba hushi ba ne. Tun tana ɗiya ƙarama aka kai ta ɗakinshi, ba ta taɓa hwaɗin sunan ga ba. Tun da ya rasu kuwa ba mai hwaɗi gabanta, duk muna jin nauyi. Wa zai ba ta shi? Sai wanga akwati naka da ba shi da kunya."

Sai ya tambaye ni ko na'urar za ta iya ba jama'a murya ɗaya, ta ba layin gida wata daban. Na ce abu mai sauƙi, layi biyu zan rubuta.

"To, mu sake naɗi saboda mutane. Na gida ka bar shi yadda shike. Kuma ba ka zuwa zauren nan."

Na ce ai kuwa sai na je. Ya ce in na je, dole a yi maganar, za ta gane an san tana kira, kunya kuma ba za ta bar ta ta ƙara ɗaga wayar ba. In ta ji muryar baƙo ce, abin ya ƙara muni. Na ce to kwanon fa, da zauren? Ya ce ba za ta iya maido da kwano ba, don maidowa kamar ta ce abin da aka yi daidai ne, shi kuma ya gane haka. Na yi gardama har muryata ta tashi, kamar yadda na saba. Ya bar ni na gaji don kaina.

"Na ci tuwonta shekaru," in ji shi. "Bari ni ma in ba ta wani abu."

Haka aka yi. Baƙi suka riƙa jin Mai Sunan Malam, ba kuwa wanda ya ɓata, har mutanen Legas suka koyi faɗi. Alhaji ya huce, surutu ya lafa, amma zaure bai sake buɗe masa ba. Duk Juma'a yakan je ya tsaya a waje ya ba da saƙon gaisuwa ya juyo. Ni kuma kullum da hantsi in ga layin gida ya bayyana a jeri, in kau da kai kamar na leƙa ɗakin da bai kamata ba.

Damina biyu aka yi a haka. Ranar da Allah ya yi wa Hajiya rasuwa, muna shirin rufe ofis mu tafi jana'iza, sai ga shi ya shigo ɗan ɗakin da kwamfutar take, wurin da bai taɓa shiga ba. Ya tsaya a bayana ya ce, "Yanzu ka goge." Na goge. Na ce masa yau dai zan gaya wa Alhaji gaskiya. Ya ce in gaya masa in ina so, amma wadda ya so ta sani ta riga ta tafi.

Muka fita tare. A ƙofar gidan, 'yan uwa da barorin gida sun cika zaure, shi kuwa ya shimfiɗa buzunsa a waje cikin baƙi, na zauna kusa da shi.