Gogen Yaya Haladu da ke rataye a ɗakina

Bana shekara tara ke nan da rasuwar wana, Yaya Haladu. Tsofaffin unguwannin Gangare da Nasarawa Gwom a nan Jos sun san shi da goge. Ni kuwa na san shi da shan kunun tsamiya a tsugune, da faɗa in aka taɓa masa kayan kiɗa da hannun miya. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Ni ba mai yawo ba ce, in ba biki ko gaisuwar mutuwa ba, da wuya in wuce bakin zaure. Amma kunne kam Allah ya ba ni. Tun ina budurwa nake tuƙa tuwo ina jin su a zaure, shi da amininsa Ɗanlami mai kalangu, suna gardamar da har ya koma ga Allah ba su gama ba. Ɗanlami ya ce fatar kalangu ce gaba da tsarkiyar goge, bugu ɗaya unguwa ta taru. Yaya ya ce, "Kai dukan naka kake yi, ni lallashin nawa nake yi. Naka ya yi ihu ya yi shiru, nawa kuwa sai ya gama faɗin abin da ke ransa." Ɗanlami ya ce, "To lallashe su su tashi rawa mu gani, in ban shigo ba." Da damina kuma, in sanyin Jos ya saki fatun, sai ka gan su kai da kai a kan kaskon wuta ɗaya suna gasa kayansu, gardamar tana nan.

A wurina duka biyun suna da gaskiya. Kalangu da ganga ƙafa suke kamawa da ƙirji. Goge maƙogwaro yake kamawa, har ka rasa dalilin da ya sa miyau ya ƙi haɗiyuwa.

Kwanaki aka ja ni wani biki a unguwar Rayfield. Saurayi ɗaya ne zaune gaban fiyano, ya danna nan ganga ta fito, ya danna can goge ya fito. Na rufe ido na saurara. Gangar ba laifi. Gogen kuwa ba ya numfashi, ba ka jin inda hannu ya kai ƙarshe ya juyo. Na ce oh, da Yaya yana nan me zai ce? Ina jin ba zai yi faɗa ba. Kujera zai ja ya zauna kusa da yaron, ya tambaye shi a ina abin yake gajiya.

Da ya rasu, ni aka bai wa gogen, na rataye shi yadda na same shi. Ga wanda bai sani ba, ƙwarya ce da aka rufe da fata, da tsarkiya ta gashin wutsiyar doki, sai wani ɗan guntun ice da ake cewa jaki, wanda ke tsaye a kan fatar yana ɗage tsarkiyar. Tun shekarar farko na fara ji. In ana buga ganga a unguwa, ko babbar mota ta wuce, sai tsarkiyar ta amsa, can ƙasa-ƙasa, kamar mutum yana gyaran murya a bayan ƙyaure. Da rana tsaka, ina tsintar shinkafa. Ranar farko tiren na saki. Daga baya na saba, har nakan ce, "Na ji ka, Yaya."

Ƙarshen daminar bara Ɗanlami ya zo gaishe ni. Ya tsufa, ido ya yi rauni. Ya ce in sauko masa da gogen, ya bi fatar da babban yatsa, sai ya tsaya.

"Ladi, wa ya bar jakin nan a kai? Haladu bai taɓa ajiye goge bai cire shi ba. Ga fata ta fara tsagewa a ƙarƙashinsa. In aka bar shi, ba za ta ga wata damina ba, kuma ban san mai ɗora wata a garin nan ba."

Na ce, "Yaya Ɗanlami, in an cire zai ci gaba da amsawa?"

Ya miƙo min gogen. Sannan ya ce, "Nawa kalangun ma yana rataye, bai taɓa ce min uffan ba. Ke dai kin samu."

Ban bari ya cire ba ranar. Na yi ta juya abin a raina har kaka ta wuce: in bar shi yana magana har ya yage, ko in rufe masa baki ya zauna lafiya. Da hannuna na zare jakin, na ƙulle shi a bakin zane. Tsarkiyar ta kwanta a kan fatar kamar an sauke mata kaya.

Makon jiya aka yi suna a bayan gidanmu, aka kafa ganga da hantsi. Sai na ji gyaran muryar nan. Na tashi na ɗora tafin hannu a kan gogen, ko motsi babu. Na kira matar ɗana na ce, "Kin ji?" Ta kasa kunne ta ce, "Mama, ganga kawai nake ji."

Gogen dai yanzu zai daɗe. Na riga na gaya wa 'ya'yana, in na mutu su nemi wanda ya iya su ba shi, da jakin. Wannan da nake ji kuwa, ban san wanda zan bar wa ba.