Wutsiyar Ciwon Baba

Ina tankaɗen garin gero da hantsi wayata ta yi ƙara. Matar yayana ce daga Maradi. Ta ce Allah ya yi wa Yaya rasuwa bayan asuba. Na yi salati, na ajiye rariya, na rufe ƙwaryar saboda kaji. Abin da ya fara zo mini a rai, kuma har yau ina mamaki, shi ne ranar da ya tashi Baba daga tabarma.

Babanmu dillalin dabbobi ne a kasuwar Dakoro. Wata shekara ya kora shanu Najeriya, gwiwoyinsa suka matsa masa, aka kai shi asibiti a can. Ya dawo da takarda rubuce da Ingilishi. Direban da ya kawo shi ya karanta masa sunan ciwon: arthritis. Baba ya nemi sunan da Hausa, direba ya ce bai taɓa ji ba. Daga nan Baba ya yanke cewa ciwon da Hausa ba ta raɗa wa suna ba, na tafiya lahira ne.

Ya shimfiɗa tabarma a gindin aduwa, ya daina fita kasuwa, ya ƙi shan ƙwayoyin. Ya shiga rabon dabbobinsa. Har farin ragon da yake ba dusa da hannunsa ya kyautar wa amininsa, wani Bafillace na wajen Birnin Lalle. Inna ta ce in kira Yaya tun garken bai ƙare ba.

Yaya ma'aikacin jinya ne. Ya iso ranar Juma'a da wani tsohon kaye, ɗan littafin rubutu, a aljihu, ya durƙusa ya gaida Baba, ya karɓi takardar. Sai na ga yana danne dariya.

"Baba, in an kawo maka saniya, ina kake fara dubawa?"

"Baki. Sannan in zaga in ɗaga wutsiya. Yau kai za ka koya mini sana'ata?"

"To sunan ciwo ma haka muke yi masa. Kai gare shi da wutsiya."

Ya sa babban yatsa ya rufe rabin kalmar. Ya ce kan yana nufin gaɓa, wutsiyar kuwa, itis, daga harshen Girkawa aka aro ta. A wurinsu can da, ma'anarta kawai "na abu kaza", wato ciwon na gaɓa ne. Daga baya, wajen zamanin kakan kakan Baba, likitocin Turawa suka riƙa liƙa ta a duk inda jiki ya kumbura ya yi zafi. Ciki, maƙogwaro, ido, duk wutsiya ɗaya.

Baba ya shafa gwiwa.

"Wato kumburin gaɓa?"

"Shi ne, Baba."

"Sanyin ƙashin da nake fama da shi tun kana rarrafe?"

"Ɗan'uwansa ne. Ba ya kisa, amma yana son magani."

"Kai, Girkawan nan ba su da tausayi! Doguwar riga haka a kan sanyin ƙashi?"

Inna tana bakin madafa, ta ce, "Ai ga shi rigar ta ci maka rago."

Nan Baba ya miƙe, ba sanda. Ya ce a ba shi takalmansa, Birnin Lalle zai je. Inna ta tuna masa ba a karɓe kyauta. Ya ce shi ba kyauta ya yi ba, habbanaye ne, aron da makiyaya ke ba juna har dabba ta haihu a mayar da uwar.

Yaya ya faɗi zaune don dariya. "Baba, rago ne fa! Yaushe zai haihu?"

Ragon bai dawo ba. Aminin ya aiko da cuku da gaisuwa, ya ce yana nan yana jiran haihuwar. Amma Baba ya sha maganinsa, kuma kasuwar da ta zagayo da shi aka ci ta. Tun daga lokacin, duk wanda ya zo da takardar asibiti yana ɓata rai, Baba kan ce masa, "Ka ɗaga wutsiyar tukuna."

Bayan addu'ar bakwai matar Yaya ta ba ni kayen da takardar asibitinsa. Wutsiyoyin ciwo ne ya jera a kayen da alƙalamin bik, kowace da Hausarta a gefe, don marasa lafiyarsa. Da na koma gida, Baba, wanda yanzu idonsa ya yi rauni, ya kira ni ya tambaya a hankali, "Shi nasa ciwon, me wutsiyar ta ce?"

Na ɗauko takardar asibitin Yaya, na rufe rabin sunan da yatsa kamar yadda yake yi, na bi kayen shafi-shafi. Na same ta a shafin ƙarshe, da rubutunsa. Bai kai ga rubuta Hausarta ba.