Malam Ɗayyabu Shafi'i, Wanda Ya Binne Rijiyoyinsa Tara

Haihuwa da Tasowa

An haifi Malam Ɗayyabu Shafi'i a shekarar 1956 a ƙauyen Marken Dutse da ke ƙasar Roni, a masarautar Kazaure. Mahaifinsa, Malam Shafi'i, sana'arsa haƙar rijiya, mahaifiyarsa kuwa Dela, mai ƙuli-ƙuli ce da aka sani har kasuwar Gwiwa. Ya fara karatun allo yana da shekara biyar, ya yi sauka a 1968. Firamare kuwa aji huɗu ya yi a Kazaure, domin a 1969 mahaifinsa ya sami ciwon baya, ya aika a dawo masa da shi.

Sana'a da Iyali

Daga wannan shekara ya fara jan guga a bakin rami, kafin a yarda ya sauka da dagi. Abin da ya fi ƙwarewa a kai shi ne sanin ƙasa. Duk rijiyar da ya haƙa yana riƙe da jerin ƙasarta a ka, daga jar ƙasa zuwa marmara, daga marmara zuwa yashi, har inda ruwa ya ɓuɓɓugo. Daga 1975 zuwa 2010 ya haƙa rijiyoyi a Roni da Gwiwa da Achilafiya, har Babura an kira shi sau da dama, kuma ba a taɓa jin wadda ta rufta da mutum ba.

A 1979 aka ɗaura masa aure da Malama Zulaikha, 'yar limamin ƙauyensu, kuma ita kaɗai ce matarsa har ƙarshen rayuwarsa.

Zuwan Madatsa

A 2011 wani kamfani ya fara haƙar farar ƙasa a dutsen da ke saman Marken Dutse. Ana wanke ƙasar da ruwa a ɗauki mai kyau, ragowar laka da ruwan wanki kuma a tura su wani kwari da aka tare bakinsa da doguwar ganuwar ƙasa. Wannan ita ce madatsar, kuma ƙauyen yana gangare, daidai ƙarƙashinta.

Bayan shekara biyu sai ga naso a gindin ganuwar. Tsakiyar rani, ko'ina ya bushe, amma wurin kore shar. A ƙasar da mata ke tafiyar awa guda neman ruwa, wa zai ga haka ya kira shi da wani suna ban da albarka? Makiyaya suka karkato da shanu, matasa suka kama lambun albasa, aka taso wa Malam Ɗayyabu a kan ya haƙa. Ya haƙa kuwa. Daga 2013 zuwa 2016 ya yi rijiyoyi tara a gindin madatsar, ba wadda ta wuce gaba uku. Ta taran ta wata dattijuwa ce, Hajja Kaka, wadda ta sayar da tumakinta ta sa aka haƙa a matsayin sadaka mai gudana ga marigayi mijinta, Malam Abatcha.

Abin da Ya Gani a Shekarar 2018

Al'adar sana'ar ita ce a yashe rijiya sau ɗaya a shekara, amma waɗannan tara sai da suka kai ana yashe su sau uku, tun bayan da masu lambu suka kawo injinan ban-ruwa. Ranar Laraba, 14 ga Maris 2018, yana cikin rijiyar Hajja Kaka yana cika guga, sai ya tsaya ya dubi hannunsa. Lakar fara ce fat. Shi ya haƙa ramin nan, ya san babu farar ƙasa ko cikin cokali a jerinsa. Ya cusa hannu bayan zoben siminti, hannun ya shige har kafaɗa bai taɓa komai ba. A nan ya gane cewa ruwan yana kwaso cikin ganuwar ne yana zubawa a rijiya, shi kuma shekara da shekaru yana fitar da ita guga-guga.

Ya kai lakar wurin shugaban leburorin kamfanin, wanda ya yi dariya ya ce, "Baba, kai da rami, mu da madatsa. Kowa ya tsaya a nasa." Washegari ya ƙulle lakar a leda, ya hau babur zuwa Kazaure, ya shiga mota zuwa ofishin da ke sa ido kan irin waɗannan madatsu. Kwana uku yana zaman benci kafin Injiniya Mu'minat Hussain, jami'ar bincike, ta kira shi. Ta murza lakar a yatsa, ta tambaye shi jerin ƙasar wurin, ya zayyano mata ba gargada. Ta ce, "Baba, gobe da safe ka jira ni a tasha."

Ta zuba koren launi a ruwan madatsar ranar Talata. Kafin la'asar ɗin Laraba mata suna jawo koren ruwa a rijiya shida. Nan take ta rubuta umarni cewa kamfani ya daina tura laka, ya rage ruwan da ke ciki, ya jibge yashi da tsakuwa a gindin ganuwa, kuma a toshe rijiyoyin nan tara kafin ruwan farko ya sauka.

Binne Rijiyoyi

To, a nan fa ƙauye ya yamutse. Albasa ta kusa cirewa, ga shi kuma tun kaka da kakanni ba a taɓa jin Musulmi ya binne rijiya mai ruwa ba. Leburorin kamfani suka ƙi taɓawa don tsoron baki. A gaban dagaci Malam Ɗayyabu ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, ni na buɗe su, ni zan rufe." Daga ranar wasu suka daina amsa gaisuwarsa, aka laƙaba masa Mai Binne Rijiya, har Malama Zulaikha ta daina zuwa biki da suna.

Cikin wata guda ya toshe takwas. Da ya zo ta tara, sai ya tarar da Hajja Kaka ta shimfiɗa tabarma a bakinta da carbi a hannu.

"Ɗayyabu, ladan mijina za ka cusa wa tsakuwa?"

"Hajja, gidanki ne na farko a gangare. Jikokinki nawa a ciki?"

"Kada ka ƙirga mini jikoki, ba kai kake ciyar da su ba. Mutumin nan yana kabari, ruwan nan ne kawai ke isa gare shi."

Injiniya ta so a kira hukuma a ɗauke ta. Ya roƙe ta ta ba shi lokaci, ya ce wadda ta girmi uwarsa ba za a ɗaga ta kamar buhu ba. Ya yi wa Hajja alkawarin wata rijiyar da sunan Malam Abatcha a kan tudu, nesa da madatsa. Ta ce ba za ta tashi ba sai ta sha ruwanta.

Yana da shekara sittin da biyu ya koma rami, a wurin da dutse ne zalla. Azumi ya kama a tsakiyar Mayu, bai fasa ba. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, rijiyar Hajja na ci gaba da fitar da farar laka, Injiniya na bugo waya kowace safiya. A rana ta arba'in da bakwai, a gaba goma sha tara, dagi ya fito da laima. Da ruwan ya kwanta aka kai wa Hajja a kwano. Ta ajiye shi har aka kira magariba, ta buɗe baki da shi, ta ce, "Da ɗan ɗaci, amma ya isa." Da safe ita ta zuba ƙwaryar tsakuwa ta farko a tsohuwar rijiyar. Kwana biyar bayan haka ruwan farko ya sauka.

Shekarun Ƙarshe

A 2019 aka kafa dokar hana haƙa kowane irin rami cikin mita ɗari biyu daga gindin madatsar, aka dasa bututan awon ruwa a jikin ganuwa, aka naɗa Malam Ɗayyabu mai duba su a madadin al'umma. Kowace Litinin da Alhamis yakan zagaya da igiyar awo, ya aika wa Injiniya sakamako.

A watan Agustan 2020 aka yi kwana uku ana ruwa. Kafaɗar ganuwar ta zame daidai saman inda rijiyar Hajja take a da, laka ta gangaro ta tsaya a kan tsakuwar da aka jibge. Madatsar ba ta ɓalle ba. Rahoton bincike ya ce da ramukan nan suna buɗe, da ganuwar ba ta kai rana ta biyu ba, kuma mutum dubu ɗaya da ɗari huɗu ne a gangare. Ranar Juma'ar da ta biyo baya sai da Malam Ɗayyabu ya yi kusan awa a ƙofar masallaci kafin masu miƙo masa hannu don gaisawa su ƙare.

Rasuwa

Ƙurar dutsen da ya shaƙa a rijiyar tudu ta bar masa tari, wanda ya tsananta daga 2022. Allah Ya yi masa rasuwa da hantsin ranar Talata, 14 ga Mayu 2024, a gidansa, yana da shekara sittin da takwas. Masu lambun albasa da ya toshe wa rijiyoyi ne suka karɓi diga da shebur daga hannun masu haƙar kabari, suka ce yau aikin nasu ne. An yi masa salla bayan azahar, aka binne shi a maƙabartar Marken Dutse.

Ya bar matarsa Malama Zulaikha, da 'ya'ya biyar: Zaharadeen, malamin firamare a Roni, Sadiyya, tana aure a Babura, Musaddiƙ, direban a-daidaita-sahu a Kazaure, Ummi Kulsum, ma'aikaciyar jinya, da Jalaluddeen, manomi. Ya kuma bar jikoki goma sha bakwai, goma sha ɗaya daga cikinsu suna zaune a gangaren madatsar har yau. Allah Ya jiƙansa, Ya shayar da shi daga tafkin Alkausara, amin.