Ranar da Baba Nata'ala Ya Tsaya wa Haliru

Shekara shida na yi ina karatu a Dakar, kuma a can na fara zama da Kiristoci ɗaki ɗaya. Na ji suna kiran Allah Uba, suna cewa alherinsa yakan sami mutum tun bai cancanta ba. Ni an rene ni a kan cewa mu bayi ne, kowa kuma zai tarar da abin da ya aikata, don haka na ɗauki maganarsu a matsayin rangwamen da mutane suka yi wa kansu don hankalinsu ya kwanta. Har yau ina kan abin da aka rene ni a kai. Amma da na dawo Lome na ga abin da ya hana ni raina maganar.

Baba Nata'ala mai gyaran keken ɗinki ne, kuma shi kaɗai ne Kirista a layinmu na tsohon Zongo, unguwar Hausawa. Mahaifinsa daga ƙasar Zazzau ya zo. Teloli tun daga Bè-Kpota suke kawo masa kan keke ɗaure cikin zane, ya juya shi sau biyu yana saurare, ya faɗi ciwonsa. Ran Lahadi yakan sa farar riga ya taka zuwa majami'a a Tokoin, inda ake wa'azi da yaren Ewe, rabi yake ji. 'Ya'ya biyun da matarsa Hannatu ta haifa masa duk sun rasu suna ƙanana.

A Zongo baƙo ba ya zama sai da maigida, wanda zai ba shi ɗaki, ya kuma amsa idan ya yi laifi. Lokacin da Haliru ya sauko daga motar goro ta Kumasi, ba wanda ya san asalinsa, magidanta suka yi ta tura shi gaba. Baba Nata'ala ne ya karɓe shi. Ya saya masa buta da tabarma, shi ke buga masa ƙofa da asuba kada salla ta wuce shi. Shekara bakwai suka yi tare har Haliru ya iya sana'ar.

Sai Haliru ya shiga cikin masu rawa da waƙar jam'iyya, aka ba shi atamfa da ɗan muƙami. Wata Lahadi aka kira kowa macin jam'iyya, Baba Nata'ala ya tafi majami'arsa. Ya kuma taɓa cewa a shago irin yabon da ake yi wa shugaban ƙasa bai dace da ɗan Adam ba. Haliru ya kai maganar inda ake kai magana. Kwana goma sha ɗaya aka riƙe tsohon. Ya dawo kunnen hagu ba ya ji, hannunsa na rawa, sai Hannatu ce ke zura masa zare a allura. Haliru ya kwashe kayansa ya bar gidan. Kowa ya san abin da ya faru, ba wanda ya furta, domin a shekarun nan mutum ba ya sakin baki ko a gaban wanda suke cin tuwo kwano ɗaya.

Bayan shekara biyu aka fara cewa za a tashi Zongo a mai da mu bayan gari. Ana rubuta sunayen magidanta, kowa na tsoron kada a tsallake shi a rabon fili. A cikin haka Haliru ya ɓata da waɗanda yake yi wa aiki. Aka kama shi ba katin shaida, aka ce yana shigo da takardun adawa daga Aflao, tsallaken iyakar Ghana. Wata safiya wani jami'i ya kawo shi zauren mai unguwa, aka kira ni in yi tafinta.

Sharaɗin gajere ne. Idan wani maigida ya tsaya masa, za a sake shi a hannunsa, su riƙa zuwa ofis tare duk Litinin kafin ƙarfe goma. Idan ya gudu, a cire sunan maigidan daga masu samun fili, ya kuma shiga inda Haliru zai shiga. Idan ba wanda ya tsaya, mota na jira a waje.

Mai unguwa ya fara tambayar wa zai tsaya masa, sau uku ake yi kamar yadda aka saba. Na farko, shiru. Na biyu, Alhaji Idrisu, wanda Haliru ke haya a gidansa, ya ce shi ɗaki ya bayar, bai ɗauki mutum ba. Haliru yana tsugune, leɓensa a fashe, bai ɗaga kai ba. Jami'in ya duba agogo, saura tambaya ta uku.

Baba Nata'ala yana zaune can bakin ƙofa, mataccen kunnen ne ta wajenmu. Ya yafito ni ya ce in maimaita masa. Na sunkuya na faɗa masa a hankali, na nanata maganar filin da ta komawa inda aka taɓa tsare shi, don in tabbata ya gane. Ya ce ya ji. Ya miƙe da ƙyar, ya ratsa mutane, ya ɗora hannunsa mai rawa a kafaɗar Haliru. A wurinmu wannan ne tsayawa, kuma ba a janye shi.

Jami'in ya tambayi mene ne tsakaninsu.

"Gaya masa ɗana ne," in ji Baba Nata'ala.

Na faɗa. Jami'in ya buɗe takarda ya dube shi, ya ce ba shi ne aka taɓa riƙewa a kan maganar wannan mutumin ba? Tsohon ya ce shi ne. Jami'in ya ɗaga kafaɗa ya miƙo biro.

Hannatu na jiran mu a ƙofar gida, labari ya riga mu.

"Malam, kunne ɗaya ya rage maka. Shi ma kyautar da shi za ka yi?"

"Wanda ya rage faɗanki yake sha kullum, ai ba wata asara."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce idan aka rushe gidan nan ba su da fili, ya faɗa mata a gindin wace bishiya za ta kafa murhu. Ta shiga ta share tsohon ɗakin Haliru, tana buga tsintsiya a bango da ƙarfi, ta ajiye masa tuwo a bakin ƙofa ba ta dube shi ba.

Litinin ta farko na zo ƙarfe takwas don in raka su. Haliru ya fita tun bayan asuba, bai faɗi inda za shi ba. Daga Zongo zuwa iyaka tafiyar ƙafa ce ta bakin teku, kowa a gidan ya san haka. Ƙarfe tara ta yi. Hannatu ta leƙa layi sau biyar, ta dawo ta zauna a kan turmi. Baba Nata'ala ya shiga ya sa farar rigarsa. Ya kira ta shago yana nuna mata kekuna ɗaya bayan ɗaya: wannan na telan Kégué ne, an gama, wannan saura a sa masa bel, ta mayar wa mai shi haka. Sannan ya zauna ya rufe ido, leɓunansa na motsi. Tsoro yake ji kamar kowa.

Goma saura kwata Haliru ya shigo, jiƙe da gumi, yashin bakin teku har ƙaurinsa. Ba wanda ya tambaye shi daga ina. Tsohon ya ce kawai ya wanke ƙafa da sauri. Muka isa ana gab da rufe littafin sa hannu.

A hanyar dawowa Haliru ya yi gaba shi kaɗai. Na koma ta kunnen dama na tambayi Baba Nata'ala ko Haliru, tun da aka sake shi, ya buɗe baki ya ce a yafe masa.

Ya ce, "Bai ce ba tukuna. Mu abin da muka gaskata, Allah bai jira mun gyaru ba kafin ya aiko mana Almasihu, muna tsakiyar saɓo ya kira mu 'ya'ya. To ni wane ne da zan ce sai Haliru ya fara roƙo? In ya ce, zan ji daɗi. In bai ce ba, Litinin mai zuwa ma tare za mu."