Bindigar da ta fi maigidana tsawo

Ko zan manta komai na zaman aurena, ban da ranar da maigidana ya gwada bindigar da ya ƙera da hannunsa.

Dillalin shanu ne, muna zaune a Bolori. Marigayi mahaifinsa makiyayi ne, yana da bindiga irin ta da, mai dutsen ƙanƙara na ƙyasta wuta, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Ta ɓata tun maigidan yana yaro. Da bikin ɗanmu na fari ya matso, sai ya rantse zai yi irinta sak, ya buga ta a ƙofar gida yadda tsohon yake yi a bukukuwa. Ya nemo izinin hukuma, ya tare a maƙerar abokinsa a Yerwa. Ƙotar kuwa a tsakar gidana ya sassaƙa ta, har a tuwo muna tsintar ɓarɓashin itace. Maƙerin ya ce tsawon ya yi yawa, shi kuwa ya kafe cewa ya san bindigar ubansa, in an tsayar da ita takan wuce kansa, shi maigidan, da kamu guda.

Ranar gwaji dattawan maharba suka zo, yayarsa ma ta zo. Ƙanƙara ta ba da wuta, kowa ya yaba. Sai aka zo ɗuri. Bawan Allah ya tsayar da ita, ya miƙa hannu, ya yi ɗage, ina! Aka ce ya karkato ta, ya ce Baba a tsaye yake ɗura tasa. Ƙarshe turmina ya aiko aka ɗauka, ya kife ya hau. Ina leƙe dariya kamar ta kashe ni, ga kuma tausayinsa, don na san kunya yake ji.

Yayarsa ta ɗaga kai ta ce, “Wai lokacin da ta wuce kanka, shekararka nawa?”

Ya dubi bindigar daga kan turmi. Can ya ce, “Yaya, ko kaciya ba a yi mini ba.” Yana dariya, hawaye na zuba.

Maƙerin ya ce a rage ta, ya ƙi. Ranar biki ya hau turminsa ya ɗura, ya ɗora ta a reshen dalbejiya ya buga, unguwa ta amsa. Turmin dai har yau bai dawo madafa ba.

Ranar na gane cewa mutum ko ya yi furfura, da idon yarinta yake auna ubansa.