Inna, Akuya da Karan Sigarina

Ni ne ɗan farin Inna, kuma a wajenmu wannan ba ƙaramar magana ba ce. Tunda na yi wayo ban taɓa jin ta kama sunana ba. Ana yaye ni aka miƙa ni ɗakin kakata, can na girma, gida ɗaya da uwar da ta haife ni amma ko ido ba ma haɗawa. In na gaishe ta sai ta amsa wa bango. In tana da magana da ni sai ta nemi wanda za ta gaya wa, ni kuma ina tsaye ina ji. Da na yi aure mai ɗakina ta gaji wannan aiki. Ranar da ba ta kusa kuwa, akwai wata jar akuya da Inna ke kiwo, ita ake gaya wa. Akuyar nan ta sha faɗa a kan laifina har ta saba. Da ta ga Inna ta nufo ta sai ta daina tuƙa ta saurara.

Sigari na koyo shi ne wajen cin rani a Kano ina saurayi, na dawo da shi ƙauye tare da rediyo da wani takalmi da ya yi mini kaɗan. Rediyon ya mutu, takalmin na bayar, sigari ya zauna. Har na doshi shekara arba'in da haihuwa ina sha. Duk garin an sani, liman ya sani, Inna ma ta sani. Amma a ƙa'ida ba ta sani ba, ni ma a ƙa'ida ban san ta sani ba. Don haka mai gida guda, da gemuna da komai, bayan rumbu nake laɓewa in sha abina.

Sai shekarun nan masu wuya suka zo. Damina biyu a jere ruwa ya ɗauke da wuri, gero ya yi kai babu ƙwaya, gyaɗa ta ƙi. A birni ana bin layi a kan sabulu da gishiri, mu a ƙauye ko layin ba mu samu ba. Gonakinmu dama ba wasu manya ba ne, gona na jingine da gona, in ka yi atishawa a taka maƙwabci ne zai yi maka addu'a daga tasa. Abin da na tara a rumbu a shekarar, in an lallaɓa, zai kai mu bakin damina. Mai teburin garinmu har ya fara yanka karan sigari biyu da reza yana sayar da rabi-rabi, mu kuwa muna saya muna zaginsa.

Wata ranar da hantsi na kunna rabin karana a bayan rumbu, zuƙa ɗaya na yi sai na ji takun Inna. Ƙwan kazarta ta zo nema, don kazar a ƙarƙashin rumbu take saka. Yar da shi ƙasa asara ce, a aljihu kuma na taɓa gwadawa na san yadda aka ƙare. Sai na miƙa hannu na soke shi cikin jinkar rumbu, na tsugunna na fara gaisuwa. Inna ta amsa wa gindin rumbu. Ta duƙa ta lalubo ƙwai ɗaya, ta juya shi, ta ɗaga shi sama ta duba, ta sake duƙawa. Ban taɓa ganin neman ƙwai mai tsawon wannan ba. Ina tsugunne ina jin ƙauri, amma ba dama in miƙe kafin ta tafi. Can ta ɗago ta kalli saman kaina, ta juya wajen akuyar da ta biyo ta.

"Kin gani ko? Rumbun gidan nan ma ya koyi sha."

Ruwan randa biyu muka ƙarar kafin wutar ta mutu. Jinka ta tafi, damin geron da ke sama ya ƙone, na ƙasa ya jiƙe sai da aka baza shi a rana. Maƙwabta suka cika gidan da jaje, kowa na tambayar yadda aka yi, kowa kuma ya riga ya sani.

Da la'asar Inna ta kira mai ɗakina, ina zaune nesa kaɗan ina gyaran ƙotar fartanya. Ta ce, "Ki gaya wa mai gidan nan na ba shi kwana arba'in. In suka cika ban ji warin abin nan ba, shi ke nan. In na ji ko sau ɗaya, Zakirai zan koma wajen ƙaninsa." Mai ɗakina ta juyo ta maimaita mini kalma kalma, kamar ba a gabana aka faɗa ba. Har da ƙarin nata.

Na tsorata, ba zan ɓoye ba. Uwa ta bar gidan babban ɗanta ta koma na ƙarami, abin da za a yi ta faɗa ne har jikoki. Amma ba surutun mutane kaɗai ya dame ni ba. Ban iya tunanin gidan nan babu muryarta ba. Ko da akuya take yi wa magana, ni dai na san da ni ake, kuma ina so a ci gaba da yi.

Na fara da goro, don shi kowa ya ce in kama. Wanda ya ba ni wannan shawara bai taɓa shan sigari ba. Goro da sigari 'yan ɗaki ɗaya ne, kana gama tauna ɗaya zai aike ka ka nemo ɗan'uwansa. Ga tsada a lokacin, ƙwaya ɗaya sai a raba ta huɗu. Kwana uku na haƙura da shi.

Na koma asawaki. Maƙwabcina yana da darbejiya a bakin shingensa, ita na sa wa ido. Safe da yamma akwai itace a bakina, ina tauna ina tofarwa, ɗaci har cikin kunne. Haƙorana suka yi fari yadda ba su taɓa yi ba, mai ɗakina ta ce in daina murmushi a waje kada a ce na samu wani abu. Cikin mako guda duk reshen da hannu ke kaiwa ya ƙare. Maƙwabcin ya shigo da sallama, ransa a ɓace, ya ce a ɗaure jar akuyar nan, ta gama masa da bishiya. Ina tsaye da guntun reshensa a aljihu na ce in sha Allahu za a ɗaure ta. Aka ɗaure ta kuwa. Har yau in na tuna kallon da ta yi mini sai in ji kunya.

Aya ta biyo baya, ita ce ta tafi da rabin turmin haƙorina na hagu. Sannan wanzamin garinmu, yana yi mini aski da aska a maƙogwarona, inda ba a musu, ya ce ai maganin abin garin taba ne da 'yar kanwa. Babu hayaƙi, babu wuta, babu rumbun da zai ƙone. Ya ƙulla mini kaɗan a takarda. Bai gaya mini yawan da ake shaƙa ba, ni kuma ban tambaya ba, don kada ya raina ni. Na bari sai da aka kira azahar, na ɗebo da yatsu uku na zuƙa a kowace ƙofar hanci, na shiga sahu. Raka'a huɗu na yi su ne da atishawa. Na damana ya matsa, na haguna ya matsa, sahu ya ɓare a kaina. Bayan sallama liman ya yi gajeren wa'azi a kan masu zuwa masallaci da mura, yana kallon rufi. Kafin in iso gida labari ya riga ni. Na tarar da Inna a gindin turke tana ce wa akuya, "Taba dai taba ce, ko ta hanci aka bi da ita." Mai ɗakina ta karɓe ƙullin ta zuba a murhu.

Daga nan ban da komai sai haƙuri, shi ma ba mai yawa ba. Na yi faɗa da jakina, na yi faɗa da guga, na yi faɗa da wani mutum don ya ce mini sannu da ƙoƙari. Inna kuma ta ɓullo da sabon aiki. Kullum da yamma sai ta ce a kawo rigar mai gidan nan ta duba ko akwai inda ya yage. Rigata ba ta taɓa samun kula irin wannan ba. Takan kai ta hanci, ta shinshina wuya da aljihu, ta mayar ta ce babu yaga.

Kwana talatin da uku na yi. Ranar kasuwar Ɗanbatta na je sayo garin rogo, don shi muke haɗawa da geron ya ƙara auki. A tasha na haɗu da wani da muka yi dako tare a Kano. Muna cikin gaisawa ya miƙo mini abin da ke hannunsa, yadda muka saba tun da can, ni kuma hannuna ya karɓa kafin kaina ya ce wani abu. Zuƙa uku. Wallahi ko daɗinsa ban ji ba, jiri ne ya ɗebe ni. Amma an riga an yi.

Sai dabara ta zo mini, irin wadda ke zuwa wa mutum in Allah ya so tona masa asiri. Na cire riga na kaɗe, na shanya ta a kan keke. Na sayi albasa manya biyu na cinye su ɗanyu a tsaye, hawaye na zuba. Ni da duk gidanmu an san ko a miya na ga albasa sai na tsince ta na ajiye gefen kwano. Na shiga gida ina baza wari. Inna ko rigar ba ta nema ba. Ta dubi akuya kawai ta ce, "Yau wani ya fara cin albasa." Ta shige ɗaki.

Da safe ƙunshin kayanta na bakin ƙofa. Mai ɗakina ta roƙa, ta yi kuka, Inna ta ce a gaya wa mai gidan nan ya fito da keke ya kai ta bakin titi. Na so in yi magana, amma me zan ce, kuma wa zan gaya wa? Na ɗaure ƙunshin a gaba, ta hau baya ta zauna a karkace, ta riƙe ƙarfen kujera don kada ta taɓa ni.

Daga garinmu zuwa titi hanya ce mai yashi, ga zafin bazara tun da safe. Inna ba ta da nauyi, yunwar shekarun nan ta rage kowa. Amma ban yi nisa ba ƙirjina ya fara kuka. Na daure, na ƙara daurewa, har muka hango kwalta. A gindin wata tsamiya tari ya turnuƙe ni. Na sauka na jingine keken, na dafa gwiwa, na yi ta yi har idona ya rufe. Tarin nan na daɗe da shi, kowace asuba sai na yi, ni ban ma ɗauke shi a bakin komai ba.

Sai na ji hannu a bayana. Tana bubbugawa a hankali, tana shafawa, yadda ake yi wa jariri in nono ya sarƙe shi. Ban san hannun Inna ba sai ranar. Ƙarami ne, da kaushi. Na tsaya a duƙe ko da tarin ya lafa, don kada ta ɗauke.

Ta ɗauke. Ta waiga, babu mai ɗakina, babu akuya, babu kowa sai tsamiya. Sai ta fuskanci tsamiyar.

"Ana cewa don gero ne," in ji ta. "Gero me? In ya ƙone a ci rogo. Da irin tarin nan aka fitar da uban wani daga gidan can. Kullum asuba ina jin sa ta bango, iri ɗaya sak. Na zauna na ji na farko har ƙarshensa. Ba zan zauna in ji na biyu ba."

Ina ƙarami Baba ya rasu, abin da aka ce mini kawai ciwon ƙirji ne. Na tsugunna a yashi na kasa ɗaga kai. Ni ma tsamiyar na gaya wa, don ban san wata hanya ba. Na ce a gaya wa Inna na bari. Na ce ba sai an ƙirga mini kwana ba.

Ta ɗauki ƙunshinta da kanta ta ƙarasa bakin titi, na bi ta da keke. Muka tsaya, ita tana kallon gabas, ni ina kallon ƙasa. Can motar Kano ta taho, direba ya rage gudu yana danna ham. Na leƙa, mutum uku ne a ciki, kujeru duk a sake. Inna ba ta ɗaga hannu ba. Motar ta wuce, ta bi ta da kallo har ta ɓace.

"Ta cika," ta ce wa titin.

Na karɓi ƙunshin na ɗaure. Ta hau baya, ni kuma ban yarda na sake tuƙawa ba, turawa na yi har gida. Ban ƙara sa sigari a bakina ba.